Abin da na saya da abin da aka sayar mini a gaɓar Kogin Nilu

Na san azurfa a hannu tun kafin in san sunanta, domin kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, tana da wani liyari, tsohon kuɗin azurfa, da ta rataya a wuya da baƙin zare, kuma duk lokacin da ta ɗora ni a cinya shi nake kamawa ina wasa da shi. Bayan rasuwarta liyarin ya faɗo cikin rabon mahaifiyata, daga bisani ya zo hannuna, har yau kuma ba ya barin jakata duk inda na sa ƙafa. Wannan ne ya sa na daɗe ina ɗaukar kaina wadda ta san azurfa, har ranar da wani saurayi ɗan kasuwa a Masar ya nuna mini cewa sanin nawa bai taka kara ya karya ba.

A watan Janairu muka je, ni da maigida, don ganin ɗanmu da ya kammala karatu a Alƙahira, shi ne kuma ya nace lallai sai mun ga kudancin ƙasar kafin mu komo gida. Jirgin ƙasa na dare ya kai mu Luksor, daga can muka shiga ɗaya daga cikin jiragen ruwan shaƙatawa da ke kai baƙi Aswan, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai wadda mota ba za ta wuce rabin yini a kanta ba, amma jirgin yake cinye mata kwana huɗu saboda tsaye-tsaye. Otal ne sosai a kan ruwa, da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci da wurin shan iska a can sama, sannan a hawan ƙasa, gefen matakala, akwai ɗan kanti mai gilashi da aka jera sarƙoƙi da zobba da 'yan kunne. Sau uku a rana muke wuce shi, a hanyar cin abinci, kuma ba na jin haka kawai aka ajiye shi a wurin.

A Isna na fara ganin irin cinikin da ake yi da mutumin jirgi. Nan ne jirage ke yin jerin gwano suna jiran a buɗe musu ƙofar madatsar ruwa su haye, 'yan kasuwa kuma su zo cikin ƙananan kwale-kwale, su ɗaura igiya a jikin jirgin, su riƙa cillo jallabiya da mayafi da shimfiɗar tebur a cikin leda tun daga kan ruwa har saman bene, da wuya ka ga sun yi kuskure. Idan kana so, ka yi tayi da yatsu da ihu, ka sa kuɗin a leda ka cilla musu, idan kuma ba ka so ka mayar musu da kayansu. Dole komai ya ƙare kafin ƙofar ta buɗe, kuma kowa ya san haka, na sama da na ƙasa.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne duk cinikin wannan tafiya haka yake, ko a kan ruwa ko a tudu. A gida, idan na kai aiki wurin maƙerin farfaru na unguwarmu, ba na buƙatar sanin komai game da ƙarfe, saboda abin da ke tsare dukiyata shi ne mutumin yana nan gobe, yana nan baɗi, ya san gidanmu, ya kuma san cewa idan munduwa ta sake launi zan dawo da ita in ajiye masa a gaban jama'a. Mutumin jirgi kuwa ba shi da gobe. An ba shi awa ɗaya ko biyu a gari, bai san farashi ba, ba ya jin harshen, kuma da zarar jirgi ya ɗaga ba zai sake taka wannan gaɓar ba, mai kaya kuma ya fi shi sanin hakan.

Mun tsaya Kom Ombo da la'asar sakaliya, aka ba mu awa ɗaya da rabi mu zaga haikalin da ke daf da bakin ruwa, wanda mutanen dā suka gina wa abin bautarsu mai kan kada da wani mai kan shaho, tare da ɗan gidan tarihin da aka ajiye busassun kadoji a ciki. Kafin mu fito duhu ya fara shiga. Maigida da ɗanmu suka yi gaba don su samu magariba, ni kuma na tsaya a jerin rumfunan da ke tsakanin haikalin da wurin da jirage suka tsaya, inda kowace rumfa ta kunna fararen fitilu masu sa komai ƙyalli. A nan na ga munduwar, mai faɗi, an yi mata zanen ganye da ɗige-ɗige a jiki, irin aikin da ban taɓa gani a wajenmu ba. Saurayin ya ce, "Fadda, ya Hagga," wato azurfa ce Hajiya, ya juya cikinta ya nuna mini 925 da manyan lambobin boko. Ya faɗi kuɗi, na taya kashi ɗaya cikin uku, ya dafe ƙirji ya kau da kai kamar na zage shi, muna cikin haka sai jirginmu ya busa ƙaho, nan take ya sallama. Ban tambayi nauyinta ba, shi ma bai ɗauko sikeli ba, da na tuna daga baya ma babu sikeli a rumfar gaba ɗaya.

Da yake jiragen a jere suke tsayawa, gefe da gefe, sai da na ratsa ta cikin guda uku kafin in kai namu, ina tafe ina ɗaga hannu ina kallon abin da na samu. Maigida ya karɓa ya jujjuya, ya ji abin da na biya, ya miƙo mini yana cewa, "Hajiya, araha fa ba ta ado." Na ce masa ai shi bai iya ciniki ba ne. Washegari da azahar, ina naɗe hannun riga zan yi alwala, na ga wani koren zobe ya zagaye tsintsiyar hannuna daidai inda munduwar ta kwana, gefenta na ciki kuma ya fara yin ɗorawa-ɗorawa.

A Aswan jirgi ya kwana, wannan ne karo na farko da muka sami yini guda ba wanda ke duba mana agogo. Ɗanmu ya ce, "Umma, ki bari in kai ki inda mutanen gari suke saye," ya tambayi wani mai shayi, muka bi doguwar kasuwar nan da ke bayan titin bakin kogi, muka wuce masu kayan ƙamshi da dabino da tulin zoɓo, wanda su suke kira karkade, har muka isa wani ƙaramin shago da babu abin da ke ƙyalli a ƙofarsa. Dattijo ne a ciki, baƙi kamar mu, daga ƙabilar Nuba, da farko ma ya ɗauka mutanen Sudan ne mu. Ya sa aka kawo shayi, ni kuma da kunya da komai na ciro munduwar na ajiye a gabansa.

Bai yi dariya ba, na kuwa gode masa da wannan. Ya ɗora ta a sikeli ta ba da giram 38, ya nemi izinina, ya ɗauko ɗan siririn magagari ya goga gefen ciki sau uku, sai ga ƙarfe rawaya ya bayyana a ƙarƙashin farin. Ya ce "nahas", wato tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa. Na nuna masa 925 ɗin da ke jiki kamar mai kare kanta a gaban alƙali, sai ya buɗe aljihun teburinsa ya ciro wani ɗan ƙarfe kamar ƙusa mai wannan lambar a baki, ya ce kowa yana iya sayen irinsa, kuma guduma ba ta tambayar ƙarfen da ake buga ta a kai. Lambar maganar wanda ya ƙera abin ce kawai. Abin da ake nema a Masar shi ne damga, hatimin hukumar da ke gwada zinariya da azurfa.

Ya ɗauko wata munduwa daga cikin nasa, ya ba ni madubin ƙara girma irin wanda ake mannawa a ido, ya nuna mini wurin da farcensa. Sai da na daɗe ina lalube kafin in gani, domin hatimin bai fi ƙwayar gero ba, 'yan ɗakuna uku ne a jere. Na farko yana ɗauke da adadin azurfar da lambobin Larabci, tare da alamar ofishin da ya gwada ta. Na biyu furen bado ne, alamar azurfa a Masar tun 1946, kafin nan kuwa, daga 1916 da aka wajabta buga hatimin, hoton kyanwa ake sawa. Na uku harafi ne guda da ke nuna lokacin da aka buga. Zinariya tsuntsu ake buga mata a maimakon furen. Duk wanda ya saba duba lambar shafi a Alƙur'ani ba zai sha wahalar karanta adadin ba, muddin ya tuna cewa biyar ɗinsu kamar sifilin boko take, sifilinsu kuma ɗigo ne, saboda haka 925 da ɗan da'ira take ƙarewa, 900 kuwa tara ce da ɗigo biyu. A tsofaffin kaya ya ce a taƙaice ake rubutawa, 60 ko 80 ko 90.

Ma'anar lambobin ba ta da wuya. Azurfa zalla tana da laushi ƙwarai, idan aka yi munduwa da ita ba za ta jima ba ta lanƙwashe, don haka ake gauraya ta da jan ƙarfe ta yi ƙwari. 925 na nufin a cikin kashi 1000 kashi 925 azurfa ce, 75 jan ƙarfe, haka ma 900 da 800. Duk waɗannan azurfar gaskiya ce, bambancinsu na farashi ne, kuma abin da ya kamata mutum ya kiyaye shi ne kada a ba shi 800 a karɓi kuɗin 925. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani farin ƙarfe da ake kira alpaka ko azurfar Jamus, wanda ko ɗigon azurfa babu a cikinsa, jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Shi ko an goga shi da magagari fari zai fito, kuma nikel ɗin ne ke sa kunnen wasu mata ƙaiƙayi da kumburi idan suka sa 'yan kunne masu araha.

Na tambaye shi batun maganaɗisu, domin wata Baturiya a jirginmu tana yawo da shi a jaka tana gwada duk abin da ta gani. Ya ce yana kama ɓarawo ɗaya ya bar goma: azurfa ba ta manne masa, gaskiya ne, amma tagulla ma ba ta mannewa, kuma ya gwada a kan munduwata muka gani, ko motsi ba ta yi ba. Ya ƙara da cewa sarƙar gaskiya ma maƙullinta yakan ja, saboda ɗan waya na ƙarfe da ke cikinsa, sai wanda bai sani ba ya ajiye abu mai kyau ya tafi. Launi ma ba shaida ba ne a shago, tunda abu mai ruwan azurfa samansa azurfar ce. Sai an jima ana sawa bambancin ke fitowa, domin azurfa baƙi take yi idan ta sha iska da gumi da hayaƙin turare, a goge ta ta dawo fes, tagulla kuwa ita ke rina fata kore.

Gwajin da ya fi burge ni da kofin ruwa ya yi shi. Ya ɗora kofin a sikeli ya mayar da lambar sifili, ya ɗaure munduwata da zare ya zura ta cikin ruwan, ta nutse duka amma ba ta taɓa gindin kofin ba, sikeli ya nuna giram 4.5. Ya ce wa ɗanmu ya raba 38 da 4.5 a wayarsa, aka sami 8 da ɗan ɗori. Sai ya maimaita da tasa munduwar mai giram 41, ruwa ya nuna 4, lissafi ya ba da 10 da ɗan ɗori. Dalilin shi ne azurfa ta fi tagulla nauyi idan girmansu ɗaya: azurfa zalla ta ninka ruwa nauyi kusan sau 10.5, jan ƙarfe bai cika 9 ba, tagulla da alpaka kuma suna ƙasa da haka. Ya gargaɗe ni cewa gwajin ba ya aiki a kan abu mai rami a ciki ko mai dutse. Na zauna ina kallon kofin ina tuna cewa an koya mana wannan a makarantar sakandare, na haddace na ci jarrabawa, amma ban taɓa zaton zai yi mini rana a kasuwa ba.

Da muka zo ciniki sai na ga hanyar da ya kamata in bi tun farko. Ya faɗi farashin giram na ranar, ɗanmu ya duba waya ya ga farashin duniya, wanda ake faɗa a kan oza mai giram 31.1, ya yi lissafi ya ga babu nisa tsakani. Aka ninka da nauyin munduwar, sannan dattijon ya ɗora ladan ƙira, wanda suke kira masna'iyya. A kan ƙarfen babu tayi babu albarka, ciniki a kan ladan aikin ake yi, kuma a azurfa wannan lada yakan yi kusa da kuɗin ƙarfen ko ma ya wuce shi idan aikin hannu ne mai wahala, saɓanin zinariya inda ƙarfen ke cinye kusan duk kuɗin. Na biya kusan ninki biyu na abin da na bayar a Kom Ombo. Idan aka duba da kyau, wannan ce mai arahar, tunda waccan tagulla na saya a farashin da ya ninka darajarta ban san sau nawa ba. Ya rubuta mini rasit da nauyi da adadin azurfar da kuɗin, ya buga hatimin shagonsa.

Maigida, wanda tun shigarmu yake shan shayi yana kallona da gefen ido, sai ga shi ya miƙe yana duba zobba. Yana son mai dutsen aƙiƙ, amma ya ce sai an tabbatar masa azurfar ba ta wuce nauyin dirhami biyu ba, wato kusan giram 6, domin iyakar da malaman Malikiyya suka yi wa zoben namiji ke nan. Dattijon ya ji daɗin tambayar, ya ce rabon da wani ya yi masa ita an daɗe. Ya ɗauko zoben da ba a ɗora wa dutse ba tukuna ya auna shi shi kaɗai, ya faɗi kuɗin dutsen daban, sannan ya ɗora shi a gabanmu. A nan na koyi wani abu kuma: inda ake auna zobe da dutsensa a haɗe, ana sayar wa mutum dutse ne ko gilashi a farashin azurfa.

Kafin mu tashi na ciro liyarin Inna, don kawai in ji abin da zai ce. Yana gani ya yi murmushi ya ce "riyal", ya ɗora shi a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani kuɗin, ya ba da wani dogon sauti siriri da ya daɗe bai mutu ba. Matar da ke jiki Mariya Tareza ce, sarauniyar Austiriya, wadda ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka ci gaba da sa masa, ko a Biyana, babban birnin Austiriya, aka buga shi ko a Landan ko a Bombai, saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka wanda suka saba da shi kaɗai suke karɓa. Ke nan 1780 da na daɗe ina nuna wa mutane a matsayin shekarun liyarin ba ta faɗin ranar haihuwarsa. Sabonsa giram 28 ne da ɗan kai, kashi 833 cikin 1000 azurfa, kuma wannan tabbacin ne ya sa maƙera daga Yaman zuwa Habasha har ƙasarmu suke narka shi su yi kayan ado, tunda sun san abin da ke ciki ba tare da gwaji ba. Nawa ya ba da giram 27, hudar da aka yi masa da hannuwan da suka shafe shi sun cinye sauran. Ya nuna mini wasu tsofaffin mundaye na Nuba masu hatimin kyanwa, raina ya biya, amma ɗanmu ya tuna mini cewa dokar Masar ta 1983 ta hana fitar da kayan tarihi, abin da ya haura shekara 100 kuma yana iya faɗawa cikin wannan sahu, don haka na bar su.

Kantin cikin jirgi kuwa, wanda na fara rainawa saboda tsada, dole in yi masa adalci. Farashinsa ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba, haka ma manyan shagunan da jagoran tafiya ke tsayar da motar baƙi a ƙofarsu, inda la'adarsa take cikin abin da za ka biya. Sai dai mai kantin jirgi shi kaɗai ne a duk tafiyar yake da gobe, ko da ta kwana uku ce, tunda tare kuke kwana tare kuke tashi. A wurinsa na ba da aikin abin wuyan nan mai siffar ɗan allo da ake rubuta suna a ciki da rubutun Fir'auna, na jikata, inda harafin M ya zama mujiya, A ungulu, N kuma zanen ruwa. Ya so in biya rabi tun ranar farko, maigida ya ce cinikin azurfa hannu da hannu ake yin sa, sai an kawo mu gani mu biya, ya kuwa yarda. A daren ƙarshe aka kawo shi daga gari, na ce ya ba ni madubinsa da sikelinsa, ya dube ni ya dubi ɗanmu, ya miƙo ba tare da ya ce uffan ba. Furen badon yana nan a jikin ɗan zoben da ake zura sarƙa.

Da muka dawo gida na kai mundayen biyu wurin maƙerinmu. Ta Aswan ya goga ta a dutse ya ɗiga mata ruwan gwaji ya ce, "Hajiya, wannan kam gangariya ce." Ta Kom Ombo kuwa ya daɗe yana juya ta a hannu, ya ce ƙarfen banza ne amma wanda ya yi zanen ya iya aikinsa, kuma idan na bar masa ita zai fitar mini da irinta sak da azurfar gaske. Muka auna azurfar, muka yi cinikin ladan ƙira, ya ce in dawo bayan mako biyu. Na ƙara masa mako guda a kai kafin in koma, na tarar da munduwar tagullar a rataye a ƙusa inda ya sa ta tun ranar, ya tashi ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar Alhaji da yara, sannan ya ce in yi haƙuri in dawo gobe.